Ranar da Muka Gasa Laftof ɗin Abban Kauthar

Mijina Tawfiq ya kwashe rabin rayuwarsa yana zana wa mutane gidaje a Abuja, mu kuwa muna zaman haya a Karu. In na faɗi haka mutane dariya suke yi, ni ma yanzu dariyar nake yi, amma akwai lokacin da in na tuna haushi nake ji. Mu bi ta Wuse a mota, sai ya taɓa ni ya nuna wani dogon bene ya ce, "Sa'a, kin ga matakalar can? Ni na zana ta." Sai in ce, "Madalla. To a ba mu ƙarƙashinta mu kwana mana." Ba ya jin haushi. Murmushi kawai zai yi ya ci gaba da leƙen matakalarsa har mu wuce.

Ni ce Sa'adiya, 'yar Fagge ce ni, kuma bakina ba ya ajiya, kowa ya shaida. Shi kuwa mutumin Zariya ne, ɗan tela, shiru-shiru, in yana magana sai ka matso. Ya yi karatun zanen taswirar gini a Kaduna, ya kama aiki da wata hukumar gwamnatin tarayya, da aka kwaso ma'aikata zuwa Abuja aka kwaso da shi, ni kuma ya kwaso ni ina goye da Kauthar, 'yarmu ta fari. Shi ba akitek ba ne, ba kuma injiniya ba. In ka kira shi injiniya sai ya tsayar da kai ya gyara maka. Aikinsa shi ne manya su yi tunaninsu su watsa a takarda, shi ya zauna a teburin zane da rula da alƙalami ya mai da shi abin da magini zai iya karantawa. A ofishinsu in ana son zanen da za a kai gaban manya, shi ake ba.

Zama da irin wannan mutum sai haƙuri, wallahi. Ba ya iya ganin abu a karkace. In na shimfiɗa darduma sai ya zo ya ja gefenta. In na jera kwanuka a kabad sai ya bi bayana ya daidaita. Ya taɓa tsayar da mu a gidan suna, gidan mutane fa, ya roƙi a ba shi kujera ya taka ya gyara agogon bango. Na ce, "Abban Kauthar, don girman Allah ka sauko, kana ba ni kunya." Ya ce, "Yanzu zan sauko, saura kaɗan." Fensirinsa da reza yake fiƙewa, kuma ko yaranmu ba su isa su taɓa ba. Amma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, kuma in na yi faɗa na gaji, shi zai kawo mini ruwa.

Da aka dawo mulkin farar hula garin nan ya haukace da gini. Ko'ina ka duba rodi ne da bulo, dajin da muka sani jiya yau an kewaye shi an sa masa geti da sunan Turanci. Kuɗi na yawo, biki kuma ba ya ƙarewa, ni ma a nan na samu tawa hanyar, don ina zanen lalle. Amare daga Maitama da Asokoro har mota suke aiko mini. Abokan aikin mijina da yawa sun yi filaye, wasu sun yi gidajen haya. Shi dai albashinsa, sai ɗan zanen da wani zai kawo masa gida, rabi ma ba ya karɓar komai, wai ɗan'uwa ne. Mutumin nan kowa ɗan'uwansa ne.

A cikin wannan hada-hadar hannunsa na dama ya fara rawa.

Da farko kaɗan ne, sai ka ƙura ido za ka gani. Daga baya ya zama in ya ɗauki kofi sai ka ji cokali na ƙara a ciki. Na gani tun da wuri, mace ba ta kasa ganin irin wannan a jikin mijinta. Amma ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Za ku ce yaya mai baki irin nawa ta yi shiru? To a gidanmu haka aka tashe mu. Mahaifina ya kurumce shekaru kafin rasuwarsa, kuma har ya koma ga Allah mahaifiyata ba ta taɓa ce masa "ba ka ji" ba. Muryarta kawai ta ɗaga, in an tambaye ta sai ta ce tsufa ne ya buɗe mata maƙogwaro. Za ki iya yi wa miji faɗa a kan cefane, a kan dangi, a kan komai, amma abin da ya ɓoye don kada girmansa ya zube, ba ke za ki tone shi ba. Kara ke nan. Sai na koma zuba masa shayi rabin kofi, na ce likitoci sun ce yawan shayi ba kyau. Na kwashe kaftanayensa na kai wa tela ya cire maɓallan wuya ya sa zif, na ce yayi ake yi. Ya karɓa ya yi godiya, kamar ya yarda.

Matsalar ita ce ofis. Mai zane da hannu mai rawa ya gama aiki. Kuma a lokacin an fara tankaɗe tsofaffi, duk wanda aka ga ya gaza sai a tura shi gaban likitocin gwamnati, daga nan sai takardar sallama. Shi kuwa saura 'yan shekaru ya cika shekara talatin da biyar ɗinsa na aiki, kuma abin da yake so a duniya shi ne ya fita da ƙafarsa, a yi masa walima, a ce Malam Tawfiq ya gama lafiya. Ba ya son a raka shi bakin geti ana tausaya masa. Ban da haka ma, mutumin nan in ka raba shi da zane ban san abin da zai rage ba.

Sai ya yi abin da ban zata ba. Ya je Wuse ya sayo laftof na hannu, wani ƙato mai nauyi, ya sa aka zuba masa manhajar zane, ya zauna da furfurarsa yana koya. In ya dawo aiki ya yi la'asar sai ya buɗe, yana danna nan yana danna can, yana magana shi kaɗai. Wata rana ya kira ni da murna kamar yaro. "Sa'a, zo ki ga ikon Allah. Ki nuna masa nan, ki nuna masa can, shi zai ja layin da kansa." Na duba, layi ya miƙe sak. Hannunsa na kan maus yana ɗan motsi, amma layin ko gezau. Na ce, "Lallai Bature ya huta." Na shiga kicin na yi kukan farin ciki a kan albasa.

Cikin tsofaffin ɗakin zanensu shi kaɗai ya haye. Kwamfutocin ofis na samarin akitek ne, tsofaffi an bar su da teburansu, shi kuwa yana zuwa da tasa, ya samu lungu kusa da taga ya juya wa mutane kafaɗar hagu. Shugaban ɗakin, Oga Nicholas, har misali yake yi da shi a taro. Muka samu sauƙi na 'yan shekaru.

Ran nan ina tsintar shinkafa sai na ji ya ce, "Inna lillahi." Na leƙo. Sikirin ya cika da zane-zane kore da ja, kamar atamfar da ta zuba. Ya kashe ya kunna, sai hoton ya rabu gida-gida. Ya sake kunnawa, sai baƙi ƙirin, fankar cikinsa na juyawa amma babu komai. Washegari ya kai wa masu gyara a Wuse. Suka ce akwai wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu a jikin fanel, wato babban allon da ke cikin laftof ɗin, suna ce masa aisin hoto, shi ke fito da duk abin da ido ke gani. Wai zafi ne ya sa dalmar da ta riƙe shi ta tsattsage, ya daina taɓa fanel ɗin sosai. Maganinsa sabon fanel, kuma sai an yi oda daga waje, ba su san ranar zuwansa ba. Sabon laftof kuwa ba maganarsa a lokacin, yara biyu na jami'a.

Ga shi an ba shi zanen wani rukunin gidajen ma'aikata da za a gina ta wajen Kwali, ana jira. Ya je ya gaya wa Oga Nicholas kwamfutarsa ta samu matsala. Bawan Allah, da zuciya ɗaya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To mene ne? Koma tebur ka yi mana da hannu. Duk gidan nan wa ya kai ka hannu?" Ya ba shi zuwa Litinin ta sama. Da ya dawo ya ba ni labari yana dariya, wai an yabe shi. Abincin ranar ko taɓawa bai yi ba.

Daga nan gidana ya koma asibitin laftof. Wani a ofis ya gaya masa tunda zafi ne ya raba dalmar, zafi ne zai haɗa ta. Na shigo ɗaki na tarar ya kunna abin ya naɗe shi da bargona mai laushi, wanda na sayo a Saudiyya, ya ɗora filo a kai, ya zauna a gefe yana gadi. Na ce, "Ikon Allah! Haihuwa ta yi ne? In jego take yi ka faɗa mini in ɗora ruwan zafi in dama kunun kanwa." Ya ce, "Ki dai yi addu'a." Abin haushi, ya yi aiki! Da ya huce ya kunna, hoto ya dawo tas. Ya yi zane na yini guda, washegari atamfar ta dawo. Ya sake naɗewa, ya samu rabin yini. Na uku ko motsi.

Sai ya koma kan dirayata. Dirayar da nake busar wa amare lalle da ita, in ana sauri. Ina wajen aiki ya ɗauke ta ya kafa wa laftof ɗin ta ƙasa har ta yi ƙauri ta mutu. Ranar na yi faɗa, Allah na tuba. Na ce abin da ke bakina da wanda ba ya bakina. Na ce shi da laftof ɗin su tattara su koma Zariya. Ya tsaya yana riƙe da gawar dirayar a hannun hagu, ya ce, "Ki yi haƙuri, Sa'a. Ashe zafinta bai kai ba." Ka ji mutum! Ba ma ta dirayar yake ba.

Maƙwabcinmu Zacharias, mutumin Akwanga, aikinsa manna baƙar leda a gilashin motoci. Ƙofarmu na kallon tasu, matarsa Catherine ƙawata ce, da Kirsimeti su kawo mana shinkafa da kaza wadda suka sa aka yanka mana daban, da Sallah mu kai musu. Shi ke da wata na'ura da suke ce wa bulawa, siffarta kamar diraya, amma iskar da take fitarwa wuta ce. Ya ji ihuna ta taga, ya fito ya tambayi dalili, ya ce, "Oga Tawfiq, wannan abu ba aikin diraya ba ne. Bulawa na tana nan, ka ɗauka. Amma ka yi hankali fa, yana cin mutum."

Ranar Asabar ina da amarya a Garki. Allah ya sa aka ɗaga ƙunshin, na dawo tun kafin azahar. Ina buɗe ƙofa ƙauri ya buge ni. Teburin cin abincina ya zama teburin mahauci, an farke laftof an fito da kayan cikinsa, ƙananan sukurori an jera su a farantan shayina, kowane kala da nasa. Fanel ɗin yana tsakiya, kore, an ɗora shi a kan kofuna huɗu, an lulluɓe shi da foyil ɗina na gashin kifi, an yanke wata 'yar taga daidai kan aisin. Yadda ya kwance sukurorin nan da hannun nan, da tsawon lokacin da ya ɗauka, Allah kaɗai ya sani. A gefe guda ledar teburina ta ƙone, wani baƙin layi a karkace kamar tafiyar tsutsa. Gwaji ya yi a nan kafin ya kai kan fanel, ya ga abin da hannunsa ya zana. Yana tsaye da bulawa a kashe, ga wani jan tabo a wuyan hannunsa na hagu.

Na cika baki da masifa. Ledar nan sabuwa ce. Amma na dubi fuskarsa sai na haɗiye. Ban taɓa ganin mijina haka ba, kamar wanda aka kama da sata.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Sa'a, dama ina jiran ki. Gilashin nan nawa ne ba ya nuna mini ƙananan abubuwa. Aikin kuma irin naku ne na masu lalle. Ko za ki riƙe mini?"

Na ce, "Ai na daɗe ina ce maka ka canja gilashin nan, ba ka ji." Ban taɓa ce masa haka ba ko sau ɗaya. Na ajiye jaka na cire mayafi na wanke hannu.

Muka yi azahar, na shafa masa magani a ƙunar, sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. A ƙarƙashin aisin nan, in ji shi, akwai 'yan ƙwayoyin dalma birjik, ƙanana kamar gero, su ne ƙafafunsa. Za mu hura masa zafi a hankali har su narke su sake kama fanel. Ya gutsuro wata 'yar dalma ya sa na ɗora a bayan aisin, ya ce ita ce mai shaida, in ta narke ta yi ƙyalli, to na ƙasan ma sun narke. "Daga nan ne haɗarin yake," ya ce. "Lokacin aisin yana iyo ne a kan ruwa. Ko tari aka yi teburin ya motsa, zai goce, ƙafafun su haɗe da juna, shi ke nan sai juji." Ya sa na yi ta zagaya bulawar a kashe, daga nesa, ina matsowa, ina zana da'ira, yana cewa, "Kar ki tsaya wuri ɗaya. Rage sauri. Yawwa, haka." Na ce, "Malam, ni fa na yi wa 'yar minista lalle tana waya tana dariya, ban kuskure ba." Ya ce, "Wannan ba ya wankuwa."

Zacharias ya ce kada mu yarda da wutar gari, za a iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Ya ja janaretansa can bayan gida don kada ƙasa ta yi girgiza, ya miƙo mana waya ta taga. "Mama Kauthar, in kin gama ka buga mini taga," ya ce, ya koma ya tsaya wajen injinsa. Muka rufe ƙofa, muka kashe fanka. Na yi bismilla na kunna.

Zafin abin nan ba wasa ba ne. Nan da nan gumi ya karyo mini, wani wari mai ɗaci ya tashi. Ina zagayawa, yana tsaye a gefena ya sunkuyo, yana ta "a hankali, a hankali," kamar mai lallashin jariri. Kafaɗata ta fara ciwo. Na ce a raina wannan 'yar dalma ba za ta taɓa narkewa ba, an dai sa ni aikin banza. Can sai na ga ta yi laushi, ta tattaru, ta zama 'yar ƙwallo mai sheƙi.

"Ta yi," ya ce da raɗa. "Ƙara zagaye kaɗan, sai ki ja baya sannu."

A nan ne na ga ƙwallon tana rawa. Na zaci idona ne. Na saci kallon farantan shayi, sukurorin ciki suna tsalle ƙasa-ƙasa. Hannuna ba ya motsi, na san hannuna. Na gangaro da ido sai na gani. Garin sunkuyawa ya dafa teburin da hannun dama, bai ma sani ba, hankalinsa duk yana kan aisin. Hannun yana kaɗawa, teburin yana amsawa.

Wallahi da za a ba ni zaɓi a lokacin, da na zaɓi a mare ni. Hannayena biyu suna kan bulawa, ba halin in janye shi da wasa kamar ba komai. Ba lokacin ƙirƙiro wata ƙarya. In na yi shiru laftof ya tafi, ranar Litinin ya tsaya gaban teburin zane a idon yaran da ya koya wa riƙon rula. In na yi magana, na faɗi abin da muka shekara da shekaru muna zagayewa.

Na ce, "Abban Kauthar, ɗaga hannunka. Rawarsa na girgiza teburin."

Ya ɗauke shi kamar ya taɓa garwashi. Ban kalle shi ba, ban isa ba, idona na kan aikin. Ƙwallon ta tsaya cak. Na ja bulawar baya sannu-sannu yadda ya koya mini, na kashe, na ajiye ta a ƙasa kan tayil. Sai a lokacin na juyo. Yana tsaye ya ja da baya, ya ɗaga hannun a gaban ƙirjinsa, ya rasa inda zai kai shi, hannun kuwa yana ta yi, fiye da yadda na taɓa gani.

An ce kada a taɓa teburin sai ya huce, kada ma a yi tafiya da ƙarfi kusa da shi. Sai na zauna a ƙasa inda nake, na kama gefen rigarsa na ja, ya zauna shi ma. Na kamo hannun da hannayena biyu na ɗora a cinyata. Yana motsi a cikin tafina kamar ɗan tsako. Tun da abin ya fara ban taɓa riƙe shi ba, kullum ta hagu nake bi. Janaretan Zacharias na ta ruri a bayan gida, na ma manta an ce in buga taga.

Can ya ce, "Sa'a, tsoro nake ji."

Na ce, "Ni ma."

Ya ce, "Ba gilashi ba ne."

Na ce, "Na sani, Abban Kauthar. Gilashinka lafiyarsa ƙalau." Sai hawaye suka zubo mini, ga haushi ga tausayi, na rasa wanne zan bi. Na ce, "Kai dai wallahi ka cika taurin kai. Ka ƙona mini leda, ka ƙona hannunka, duk don kada ka ce Sa'a taimake ni?" Ya ce, "Ai na ce." Na ce, "Ka ce gilashi!" Sai ga shi yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Bayan la'asar fanel ya huce. Ni na mayar da komai, yana nuna mini da baki, wannan sukurun nan, wancan can, ki shafa farin man nan a bayan aisin, kar ya yi yawa. Bai ƙara ɓoye hannun ba, yana nuni da shi yana rawa, ni kuma ina bin inda ya fi yawan nunawa. Zacharias ya gaji da jira ya zo ya manna fuska a taga. Da muka rufe laftof ɗin na tura wa Abban Kauthar shi gabansa. Ya kai yatsa zai danna maɓallin ya kuskure, ya sake ya kuskure. Na harɗe hannuwana na bar shi. Da ya samu, fanka ta juya, sikirin ya yi baƙi na ɗan lokacin da ya ishe ni karanta duk addu'ar da na iya, sannan haske ya kawo, tas, babu kore babu ja. Zacharias ya buga ihu daga waje, "Ya tashi! Oga, ta tashi!" har Catherine ta fito da ludayi a hannu.

Ranar Litinin ya kai zanen gidajen Kwali. Gyaran irin wannan ba ya daɗewa, bayan 'yan watanni sai atamfar ta dawo, mu sake aro bulawa, in riƙe, shi kuma ya koma bakin ƙofa ya zauna yana ba da umarni daga nesa. Haka muka yi ta lallaɓa shi har Kauthar ta gama karatu ta kama aiki ta saya masa sabo. Ya cika shekarunsa, aka yi masa walima, Oga Nicholas ya yi jawabi har muryarsa na rawa. Ya fita da ƙafarsa, kamar yadda ya roƙa.

Amma ni abin da na fi riƙewa shi ne satin da ya biyo bayan gashin farko. Shi da kansa ya ce in shirya in raka shi asibiti. Muka zauna gaban likita, wata matashiya mai fara'a, ta ce, "Baba, yaushe abin ya fara?" Ya ce, "E to, bai daɗe ba. Kwanan nan ne."

Na ce, "Likita, rubuta. Tun Babbar Sallar shekarar da 'yarmu ta shiga jami'a. Ya kayar da rago ya ɗauki wuƙa, sai ya miƙa wa ƙaninsa Hassan, ya ce yana so yaro ya koya."

Ya juyo ya dube ni, baki buɗe. "Tun ranar, Sa'a?"

Na ce, "Ina bayanka da kwanon ruwa."

Likitar ta gama rubutunta ta ce, "To Baba, mu gani." Ya zaro hannun ya ɗora a kan teburinta, mu uku muka zuba masa ido.